Haɗi mai ɗorewa da wa'adin jira a shafukan intanet masu cunkoso

Duk lokacin da mutum ya buɗe shafin labarai ko ya nemi sakamakon jarrabawa a intanet, sabar da ke ɗauke da shafin sai ta tuntuɓi rumbun bayanai kafin ta ba shi amsa. Buɗe hanya tsakaninsu yana cin lokaci, domin sai an tantance suna da kalmar sirri. Shi ya sa ake barin hanyar a buɗe bayan an gama aiki, don buƙata ta gaba ta bi ta nan. Wannan shi ake kira haɗi mai ɗorewa.

Sai dai kowane rumbu yana da iyaka. In ba a taɓa saitinsu ba, manhajar MySQL haɗi 151 take karɓa a lokaci guda, PostgreSQL kuma 100. Haɗin da ba ya aikin komai ma yana tare gurbi, kuma MySQL ba ta yanke shi sai ya yi sakan 28,800, wato awa 8. A shafin da aka gina da PHP, kowane sashen manhaja da ke amsa wa baƙi yana riƙe haɗinsa. Idan sabar 4 ce, kowacce da sashe 50, an kai 200 ke nan. Ranar da jama'a suka yi dafifi, kamar ranar fitar da sakamakon BEPC, sai guraben su cika, rumbu ya riƙa mayar da kuskure mai lamba 1040, shafi ya ƙi buɗewa.

Ana rage wa'adin jira ta saitin wait_timeout, amma ragewar ma tana da haɗari. Idan rumbu ya yanke haɗi manhajar shafi ba ta sani ba, za ta aika buƙata ta hanyar da ta riga ta mutu, sai kuskure mai lamba 2006 ya fito. Ƙa'idar ita ce manhaja ta saki haɗi kafin rumbu ya yanke shi: in wa'adin rumbu sakan 300 ne, nata ya tsaya a 240.

Manyan shafuka kan sa wata manhaja a tsakani, irin su PgBouncer, wadda ke riƙe haɗi kaɗan tana ba da aronsu bi da bi. Kafin a ƙara yawan gurabe, ya kamata a fara ƙirga haɗin da ke zaman banza, domin kowane ƙarin haɗi yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta.