Lokacin Da Teku Ta Yi Maƙwabtaka Da Zamfara

Mu Hausawa idan za mu ba da tarihin ƙasarmu, daga sarakuna muke farawa, a kansu kuma muke ƙarewa. To, ni yau ina so in kai mai karatu can baya, zamanin da babu sarki babu talaka, duwatsu ne kaɗai shaidu. Tambayar da za ta ja mu ita ce: me ya sa mutumin Tsafe ko Bunguɗu zai haƙa rijiya ya ci karo da falalen dutse, alhali a wasu sassan Sakkwato da Kabi rijiyar burtsatse kan tunkuɗo ruwa da kanta?

Duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe, da wanda Gusau ke zaune a kansa, suna cikin ƙashin bayan ƙasar nan. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce manyan ɓangarorin doron ƙasa suka yi karo, wata tsohuwar teku da ke tsakaninsu ta rufe, narkakken dutse ya taso ya daskare a ƙarƙashi. Laka da yashin da suka kwanta tun kafin nan kuwa zafi da matsi suka toye su, su ne duwatsun Maru da Anka da ake tonon zinari a cikinsu. Wato a wancan zamani yankinmu wurin motsin ƙasa ne, kamar Japan ta yau, inda girgizar ƙasar 1 ga Janairun 2024 ta ɗaga wani sashe na gaɓar Noto da kusan mita 4. Dalili ke nan masana ke cewa gaɓar teku kan sauya ta hanya biyu: ko ruwa ya hau, ko ƙasa ta motsa.

Bayan wannan ƙasarmu ta lafa, sai ruwan ya zo da kansa. Kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce duniya ta yi ɗumi, babu tulin ƙanƙara irin na yau, Tekun Atlantika na ƙara buɗewa, ruwa ya cika ya malalo kan nahiyoyi. Wata teku marar zurfi ta gangaro daga arewa, ta ratsa inda Sahara take yanzu, ta bi ta Mali da Nijar har ƙasar Sakkwato. Tudun Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya zama tsandauri a gefenta, koguna na kwasar yashinsa suna zubawa a kwarin.

Wanda ya kama hanyar Gusau zuwa Sakkwato zai ga alamar haka da idonsa, don tun daga wajejen Talatar Mafara manyan duwatsu ke ja da baya, ƙasa ta shimfiɗe. Masana irin su Farfesa C. A. Kogbe sun yi nazarin shimfiɗun wannan kwari, kuma abin sha'awa, sunayen garuruwanmu suke ɗauke da su. Ta Gundumi ce a ƙasa, tsakuwa da yashin koguna, har da itatuwan da suka zama dutse. A bisa akwai Taloka da Dukamaje da Wurno, shaidar zuwan teku na farko da janyewarta. Sai Dange da Kalambaina, na dawowarta kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Ta Gwandu ta rufe su bayan ruwan ya tafi bai sake dawowa ba.

Tekun ba ta tafi hannu rabbana ba, ta bar ƙasusuwa. A 1930 wani Bature, W. E. Swinton, ya bayyana na wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da guza, a 1972 aka raɗa mata Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Akwai kuma wani kada mai suna Sokotosuchus. Tun a ƙarni na 11 Al-Biruni ya lura da irin wannan, ya ce hamadar Larabawa teku ce a da, don ana tono ɓawon halittun ruwa a cikinta.

Yanzu sai mu koma ga rijiya. Yashin da koguna da teku suka jibge yana shan ruwa ya adana, shi kuwa dutsen Tsafe sai a tsagarsa ko ruɓaɓɓen samansa ake dacewa. Shi ya sa Gusau ta dogara da madatsar Gulbin Sakkwato, kuma haƙa burtsatse a nan ba tare da awo ba caca ce da kuɗin jama'a. Haka simintin Sakkwato, wanda aka fara yi a 1967: dutsen farar ƙasar Kalambaina da ake toyawa, ɓawon halittun waccan teku ne. Duk wanda ya ɗora bulo da shi a Gusau, da guntun tekun ya yi gini.

Ashe rabon ruwa da na ma'adinai tsakanin Zamfara da Sakkwato an yi shi tun kafin a raba jihohin a 1996. Ya kamata 'ya'yanmu su san wannan babi kamar yadda suka san na Gobirawa da Zamfarawa.