Cinikin Biri a Sama: Yadda Ahmed Musa Ya Bar Kano Pillars a 2010

A damunar 2010 wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Holan, VVV-Venlo, ta kammala cinikin wani yaro da ba ta da ikon sa shi a wasa. Yaron, Ahmed Musa, haifaffen Jos ne, kuma shekarunsa 17. Dokar hukumar FIFA ta hana a ƙetare da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafe shi ba. Don haka sai da aka jira ranar 14 ga Oktoba, ranar haihuwarsa, kafin takardu su gyaru. Watan bai ƙare ba sai da ya buga wasansa na farko a gasar Holan.

Hausawa na kiran sayen abin da bai zo hannu ba cinikin biri a sama, kuma galibi gargaɗi suke yi da wannan magana. Amma kasuwar matasan 'yan wasa gaba ɗayanta a kan irin wannan ciniki ta ginu. Mai saye yana biyan kuɗin abin da yake zaton yaro zai zama nan da shekara uku ko huɗu, mai sayarwa kuma yana karɓar na hannu don gudun kada zaton ya tashi a banza. Tarihin wannan ciniki guda ɗaya ya isa ya nuna yadda ake auna matashi, da inda awon ke kuskurewa, da kuma wanda ribar ke komawa gare shi.

Kano Pillars da Musa ya tarar ba ƙaramar ƙungiya ba ce. An kafa ta a 1990 daga haɗakar ƙungiyoyi uku na Kano: WRECA, Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Sai dai Musa ba mallakinta ba ne. Makarantar horon ƙwallo ta GBS da ke Jos ce ta rene shi, ta fara ba da aronsa ga ƙungiyar JUTH, daga nan ta ba Pillars aro a kakar 2009 zuwa 2010. A wannan kaka ya ci ƙwallo 18, ya zarce 17 da Ishaya Jatau ya ci wa Iwuanyanwu Nationale a 1990, bajintar da ta yi shekara ashirin ba a taɓa ta ba. Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba.

Ƙwallo 18 hujja ce, amma ba ita kaɗai mai saye ke dubawa ba. Masu farautar 'yan wasa sun san cewa adadin ƙwallaye ya dogara da irin fili, da ƙarfin masu tsaron baya, da abokan da ke miƙo wa yaro ƙwallo. Abin da suke nema shi ne baiwar da za ta bi yaro duk inda ya je. A wurin Musa, gudu ne. Ana iya koya wa ɗan wasa inda zai tsaya da lokacin da zai saki ƙwallo, amma saurin ƙafa ba koci ke bayarwa ba. Na biyu, shekaru: ɗan 17 da ya fi manya cin ƙwallo yana da sauran lokacin ƙaruwa, kuma yana da darajar sake sayarwa. Na uku, kafin ya tashi zuwa Turai ya riga ya buga wa Super Eagles wasa da Madagaska. Dillalin shanu a karar Wudil zai gane wannan lissafi: mai sayen maraƙi yana duba ƙashi da haƙori da tafiya, domin ƙiba aba ce da za ta zo daga baya.

Ita ma VVV ba bisa tsautsayi ta faɗo Najeriya ba. Venlo ƙaramin gari ne a lardin Limburg, dab da iyakar Jamus, kuma ƙungiyarsa ba ta da kuɗin Ajax ko PSV. Hanyar da wani ɗan Arewa ya fara bi ce: Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, ya bar Niger Tornadoes zuwa Roda JC a 1991, aka ba da aronsa ga VVV, ya taimaka mata ta hau babbar gasa a 1993, ya koma Roda, sannan Ajax ta saye shi a 1996, shekarar da ya ci zinare da Najeriya a Atlanta. A zamanin shugabancin Hai Berden ƙungiyar ta mayar da wannan sana'a: ta ɗauko Keisuke Honda daga Japan a 2008, ta sayar da shi ga CSKA Mosko a farkon 2010. Dokar Holan kuwa tana tilasta wa ƙungiya ta biya ɗan wasan da ba na Tarayyar Turai ba albashi mai tsoka, saboda haka ƙaramar ƙungiya ba ta da halin gwada yara da yawa. Dole ta zaɓi kaɗan, kuma zaɓin ya dace. A Janairun 2012, bayan wata goma sha biyar kacal, VVV ta sayar da Musa ga CSKA ɗin da ta sayi Honda.

Wannan matsala ta auna matashi ta fi tsufa a wani wasa da ba a yinsa a ƙasar Hausa, wato besbol na Amurka. A can, tun shekarun 1920, Branch Rickey na ƙungiyar St. Louis Cardinals ya ƙirƙiro tsarin da Amurkawa ke kira gona: babbar ƙungiya ta mallaki jerin ƙananan ƙungiyoyi a ƙananan garuruwa, ta riƙa renon yara a cikinsu mataki-mataki. Cinikinsu kuma yawanci musaya ce ta mutum da mutum. Ƙungiyar da ke ƙishirwar nasarar bana takan ba da matasanta ta karɓi gogaggen ɗan wasa.

Mafi wuyar aunawa a cikin waɗannan matasa shi ne mai cafe ƙwallo, wanda ke durƙushe a bayan mai bugu. Shi ke nuna wa mai jifa irin jifar da zai yi ta hanyar alama da yatsu, shi ke haddace raunin kowane abokin hamayya, shi ke tare ƙwallon da ta kauce, kuma shi ke kwantar da hankalin mai jifa idan wasa ya rikice. Mafi yawan wannan aiki ba ya fitowa a alƙaluman da jarida ke bugawa, kamar dai mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa, wanda tsara 'yan bayansa da yake yi ba a rubuta shi a ko'ina. Irin waɗannan 'yan wasa sukan makara kafin su nuna.

Ranar 31 ga Yuli 1997, Seattle Mariners, wadda ke neman mai jifar da zai riƙa rufe mata wasa, ta karɓi Heathcliff Slocumb daga Boston Red Sox. A madadinsa ta ba da matasa biyu: mai jifa Derek Lowe, da mai cafe ƙwallo Jason Varitek, wanda ke ƙaramar ƙungiyarta ta Tacoma, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a babbar gasa ba. Seattle ta zo ta ɗaya a rukuninta a wannan shekara, amma Slocumb bai wuce ƙarshen 1998 tare da ita ba. Varitek kuwa ya zauna a Boston har 2011, ya zama kyaftin, kuma shi ke durƙushe a bayan mai bugu lokacin da Boston ta ɗauki kofi a 2004, karo na farko cikin shekara 86, ta kuma sake ɗauka a 2007. 

Kuskuren awo yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren, kuma tarihin Musa ya nuna haka. A Mosko ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, a 2013, 2014 da 2016. Ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014. A Yulin 2016 Leicester City, zakarar Ingila ta lokacin, ta saye shi a kan fam miliyan 16.6 kamar yadda aka ruwaito. Wannan karon ba biri a sama aka saya ba: ɗan wasa ne mai shekara 23 da kowa ya gani. Ya ci Barcelona ƙwallo biyu a wasan share fage, amma a gasar Firimiya biyu kacal ya ci a kakar gaba ɗaya. Gudun nasa na nan, sai dai Leicester na da Jamie Vardy a gaba, kuma abokan hamayya sun daina bar mata filin gudu a bayansu. An kori Claudio Ranieri, kocin da ya kawo shi, a Fabrairun 2017. A Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro, a watan Yuni ya ci Iceland ƙwallo biyu a Volgograd, a watan Agusta kuma ya tafi Al-Nassr ta Saudiyya. VVV da ta saye shi yana ɗanye ta ci riba, Leicester da ta saye shi ya nuna ta rasa inda za ta ajiye shi.

Saura tambayar da ta fi shafar gida: ina rabon waɗanda suka rene shi? A tsarin Rickey gonar ta babbar ƙungiya ce, don haka amfanin ba ya fita daga gida. A ƙwallon ƙafa gonar tana Jos ko Kano, rumbun kuma yana Turai. Don rage wannan giɓi FIFA ta kafa dokoki biyu a 2001. Ta farko kuɗin horo ne, wanda ƙungiyar da ta fara ba yaro kwantiragin ƙwararru ke biyan waɗanda suka horar da shi. Ta biyu ita ce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin da aka yi tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda ake raba wa duk ƙungiyoyin da yaro ya bi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 na jimillar ciniki, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. A cinikin fam miliyan 16.6, rabon masu reno ya kama fam 830,000, kuma kaka guda ta ɗan shekara 17 ta kama kimanin fam 83,000 a ƙa'ida.

Sharaɗin kuwa guda ne: rajista. Ƙungiya sai ta kasance tana da rajista a ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙasa, yaron ma sunansa na rubuce a wurinta da shekarun da ya yi. Tun Oktoban 2010, watan da Musa ya fara wasa a Venlo, FIFA ta wajabta shigar da duk cinikin ƙetare a wani rumbun bayanai na intanet, kuma a 2022 ta buɗe ofis a Paris da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ya miƙa wa masu su. Amma ofishin abin da ke rubuce yake bi. Yaron da ya yi shekara huɗu yana wasa a filin firamare a Nariya, ko Kibiya, ko Rano, ƙarƙashin wani malami da ke saya masa takalmi daga aljihunsa, idan ba a rubuta shi ba, tarihinsa a takarda yana farawa ne daga ranar da wata makarantar birni ta yi masa rajista. Rashin takarda ɗin nan shi ne kuma ƙofar da dillalan bogi ke shigowa, su sa iyaye sayar da gona ko shanu don biyan kuɗin gwaji a ƙasar waje. A cinikin gaskiya ƙungiyar da ke son yaro ita ke biya.

Musa ya dawo Kano Pillars a Afrilun 2021, ya tafi Turkiyya, ya sake dawowa a 2024, kuma a 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Yaron da aka ba da aronsa a 2009 ya koma ɓangaren masu auna yara da tattauna farashinsu. Ya bi kowane mataki na wannan kasuwa da ƙafarsa, daga Jos zuwa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, zuwa Venlo, Mosko da Leicester. Ga ƙananan ƙungiyoyin kudancin Kano, abin da wannan tarihi ya bari a hannunsu aiki ne mai arha: su yi rajista, su rubuta sunan kowane yaro da ranar da ya shigo tun yana ɗan 12, kafin wani mai ido daga birni ya tsaya a gefen fili.