Dariya da Darasi: Martanin Masu Karatu ga Gajerun Labaran Barkwanci kan 'Yan Mata

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda masu karatu ke karɓar gajerun labaran Hausa na barkwanci waɗanda tauraruwarsu budurwa ce ko sabuwar amarya. An ɗora nazarin a kan ra'in martanin mai karatu. Hujjar maƙalar ita ce, darasin da ake rufe irin waɗannan labarai da shi yana aikin wanke dariyar da ta gabace shi, kuma martanin da ake furtawa a fili ya fi jingina da darasin.

Gabatarwa

Tun fitowar So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, rayuwar budurwa ta samu gurbi babba a ƙagaggun labaran Hausa. Balaraba Ramat Yakubu ta ƙara faɗaɗa fagen da Budurwar Zuciya (1987) da Wa Zai Auri Jahila? (1990). Muhawarar da ta biyo baya a shekarun 1990, tsakanin Ibrahim Malumfashi, wanda ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu, ta fi karkata ga inganci da tarbiyya. Barkwanci bai samu rabo mai yawa a cikinta ba. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya soma a 2016 ta ɗaga darajar gajeren labari a hannun mata, amma labaran da suka fi yin fice a cikinta, irin su Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, na alhini ne.

Ra'in Bincike

Louise Rosenblatt (1938) ta nuna cewa ma'ana tana samuwa ne a haɗuwar matani da mai karanta shi. Wolfgang Iser ya ƙara da batun giɓin da marubuci ke bari, mai karatu ya cike. Wadda ta fi kusa da buƙatarmu ita ce Janice Radway (1984), domin ta je ta tambayi matan Amurka masu karanta littattafan soyayya da bakinsu.

Tattaunawa

A ɗauki sananniyar siga: budurwa ta ari kayan ƙawa don ta burge saurayi, ta yi ƙaryar gidan ubanta, asiri ya tonu ranar da saurayin ya zo gaisuwa. Labarin ya ƙare da nadama. Wata mai karatu za ta ce "maganinta ke nan", wato ta tsaya a gefe tana yi wa tauraruwar dariya. Wata kuma ta ce "wallahi kamar ni aka gani". Dariyar ta biyun ta fi nauyi, don kunya ta hana budurwa faɗin kwaɗayinta ko tsoron uwar miji a gaban manya, sai ga labari ya faɗa mata ba tare da an nuna ta da yatsa ba. Giɓin da Iser ke magana a kai, a nan da sirrin mai karatu ake cike shi.

Al'ada ta riga ta share wannan hanya. Wasan jika da kaka da na taubasai suna halatta maganar da a wani muhallin rashin kunya ce. Haka karin maganar kishi, irin "ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu", mata sun daɗe suna ɓoye ɗaci a cikinta. Tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa kuwa ita ta saba wa kunne da jiran sakayya a ƙarshe.

Saboda haka tambayar da akan yi wa irin waɗannan labarai ta "to, ina darasin?" tana da tarihi. Marubuciyar da ta san an kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, ta kuma san an ƙona littattafai a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ba za ta saki labarin dariya tsirara ba. Sai ta lulluɓe shi da faɗakarwa. A ganin wannan maƙala, sau da yawa sakin layin nadamar shi ne mafi rauni a labarin: gajere ne, an yi shi a gaggauce, harshensa ma ya sha bamban da na sauran. Duk da haka shi ake yabawa da "Allah ya ƙara basira", alhali wurin da asiri ya tonu shi ake maimaita wa ƙawaye.

Wannan ya jawo matsalar dabarar bincike. Takardar tambayoyi da malami namiji ya raba a aji za ta dawo cike da "labarin ya koya mini haƙuri". Mai son jin ɗaya martanin sai ta kasance mace, ta zauna inda ake karanta labarin da babbar murya, a ɗakin kwanan ɗalibai ko wurin kitso, ta lura da inda aka fashe da dariya da inda aka ce a tsallake.