Auna Damar Samun Gurbin Karatun Kasuwanci a Jami'o'in Tarayya: Nazari kan Ɗalibin Yelwa ta Jalingo

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin ƙa'idojin hukumar JAMB da tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya, domin gano abin da ke tabbatar wa ɗalibin Yelwa gurbi a sashen Akanta ko Gudanar da Kasuwanci. Ta nuna cewa makin UTME kaɗai ba ya isa ma'auni, kuma rukunin da ɗalibi ya faɗa a rabon gurabe yana da nauyin da iyaye ba su cika lura da shi ba.

Gabatarwa

Tun kafa JAMB a 1978, ta hannunta ake neman jami'a a Nijeriya. Jarrabawarta ta UTME darussa huɗu ce, maki 400. A sakamakon farko na 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, kuma mafi ƙarancin makin da aka amince wa jami'o'i a shekarar shi ne 150. A nan ruɗanin yake. Yaro ya ci 170, gida ya ɗauka an gama, alhali 150 izinin shiga layi ne kawai. A manyan jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, masu neman Akanta sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, don haka sashe ke tsayar da nasa makin.

Rabon gurabe

Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin yankin da jami'a ke ɗiba, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Taraba, jihar da Jalingo take ciki, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana cikin wannan rukuni na ƙarshe. Ma'ana, ɗan asalin Taraba ba da ƙasa baki ɗaya yake gasa a kowane gurbi ba. Idan ya faɗi a jerin cancanta, akwai sauran ƙofa, kuma a jami'ar da ke kusa, kamar ta Tarayya da ke Wukari, yankin ɗiba ma yana tare da shi. Saboda haka maki 220 a hannun ɗalibai biyu daga jihohi daban ba daraja ɗaya gare shi ba. A ganin mai wannan nazari, rashin sanin wannan yana sa wasu yaran Jalingo masu ƙoƙari su ƙi gwada babbar jami'a tun farko, abin takaici ƙwarai.

Sai lissafin jimilla. Jami'ar Legas, misali, tana ba UTME kashi 50, jarrabawar tantancewa 30, sakamakon sakandare 20. A irin wannan tsari, mai 240 ya tashi da 30 cikin 50, sauran rabin kuwa yana gabansa.

Inda ake tuntuɓe

Karatun kasuwanci yana buƙatar kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, kuma a UTME akan nemi Lissafi da Tattalin Arziki. Wanda ya guje wa Lissafi wajen cike fom ya fitar da kansa, ko nawa ya ci. Haka wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO: tun da JAMB ta kawo manhajarta ta CAPS a 2017, sai ya koma cibiyar rajista an ɗora sakamakon a shafinsa, in ba haka ba jami'a ba za ta iya miƙa sunansa ba. Bayan an ba shi gurbin ma, sai ya shiga ya danna amincewa. Wanda bai dace ba a bana yana da hanyar shirin share fage na IJMB ko difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, ya shiga aji biyu kai tsaye.