Liv Ullmann: 'Yar Wasan Norway Da Ta Haɗa Dandamali, Fim Da Rubutu

Yau zan kawo muku tarihin Liv Ullmann, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan kwaikwayo na ƙasar Norway.

An haife ta ranar 16 ga Disamba, 1938 a birnin Tokyo na Japan, inda mahaifinta yake aikin injiniya. Bayan rasuwarsa a 1945, mahaifiyarta ta koma da su Norway, ta tashi a garin Trondheim. Ta yi ɗan karatun wasa a Landan, amma da ta nemi gurbi a makarantar wasan kwaikwayo ta Oslo, ba su ɗauke ta ba. Wannan bai sa ta karaya ba. Ta tafi gidan wasa na Stavanger, inda a 1957 ta fito a matsayin Anne Frank, daga nan aka fara sanin ta.

Tauraronta ya haska ne a 1966, da fim ɗin Persona na darakta Ingmar Bergman ɗan Sweden. Ta fito a matsayin 'yar wasan da ta daina magana kwata-kwata, don haka da fuska da ido ta yi aikin. Sun ci gaba da aiki tare a Scenes from a Marriage (1973) da Autumn Sonata (1978). 'Yarsu, Linn Ullmann, yanzu sananniyar marubuciya ce.

Ni dai wanda ya fi taɓa ni shi ne The Emigrants na 1971, labarin manoman Sweden da talauci ya kora zuwa Amurka. Ta fito a matsayin Kristina, matar da ta bar gida amma zuciyarta tana can. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunta zai gane halin da take ciki. Fim ɗin ya ba ta kyautar Golden Globe, ya kuma kai ta takarar Oscar.

A ɓangaren rubutu, ta fitar da littafin tarihin rayuwarta, Changing, a 1976, sai Choices a 1984. Daga baya ta koma bada umarni, ta shirya Sofie (1992) da Faithless (2000). A 1980 ta zama jakadiyar UNICEF, a 1989 kuma tana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar kare mata 'yan gudun hijira.

Sau biyu tana shiga takarar Oscar ba ta ci ba. Sai a 2022, tana da shekara 83, aka ba ta ta girmamawa.