Yadda Tsohuwar Kwamfuta ta Zama Dukiya a Kasuwar Gwanjo

A ranar 1 ga Afrilun 2026 kamfanin Apple ke cika shekara 50 da kafuwa. Irin wannan rana takan tayar da tsohuwar gardama tsakanin masu tara tsofaffin kwamfutoci: me ya sa na'urar da yau ba ta iya ko buɗe hoto guda ta fi gida tsada?

Farkon labarin gajere ne. A 1975 aka fara sayar da Altair 8800 a Amurka, kwamfutar da mai saye yakan haɗa da hannunsa. A shekarar ce masu sha'awar harkar suka kafa ƙungiyar Homebrew a Kalifoniya, inda Steve Wozniak ya nuna wa 'yan uwansa abin da ya ƙera. Wannan ita ce Apple-1, wadda ta shiga kasuwa a 1976 a kan dala 666.66. Allo ne kawai da aka jera wa ƙananan sassa, babu akwati, babu madannai, mai saye ne zai nemo sauran. Paul Terrell, mai shagon Byte Shop, ya yi odar guda 50, duka-duka kuma kusan 200 aka yi. Da Apple II ta fito a 1977, kamfanin ya riƙa karɓar tsofaffin yana yi wa masu su rangwame a kan sabuwar, da yawa daga waɗanda aka mayar kuma aka lalata su.

Daga nan aka shafe kusan shekara 20 ba mai waiwayar irin waɗannan na'urori. Commodore 64 da ZX Spectrum, waɗanda suka cika gidajen Turai da Amurka daga 1982, sun ƙare a ɗakunan ajiya ko a bola.

Mutane da yawa na cewa rasuwar Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, a Oktoban 2011 ce ta ɗaga farashin Apple-1. Ban yarda ba. Tun a Nuwamban 2010, yana da ransa, gidan gwanjo na Christie's a Landan ya sayar da Apple-1 a kan fam 133,250. Rasuwarsa ta ƙara wa wutar itace, babu shakka: Sotheby's ya sayar da wata a kan dala 374,500 a 2012, sannan a 2014 gidan tarihi na Henry Ford ya biya dala 905,000 a gwanjon Bonhams. Amma wutar ta riga ta kama. Wasu kuma na cewa ƙarancinta ne kawai. Wannan ma bai gamsar da ni ba, domin akwai kwamfutocin wancan zamani da ba su fi ta yawa ba, ba kuma mai tayawa.

Ni a wurina eBay, kasuwar gwanjo ta intanet, ita ce ta haifi wannan kasuwa. Pierre Omidyar ya buɗe ta a 1995, kuma cikin abubuwan farko da aka sayar har da lalatacciyar fitilar leza a kan dala 14.83, mai sayen yana sane da cewa ba ta aiki. Kafin nan, wanda ke da tsohuwar kwamfuta a Ohayo ba shi da hanyar sanin akwai mai nemanta ido rufe a Jamus. Gwanjon intanet ya haɗa su, a daidai lokacin da yaran da suka taso da Commodore suka zama magidanta masu albashi. A 1997 Sellam Ismail ya shirya bikin baje kolin tsofaffin kwamfutoci na farko a Kalifoniya, masu sha'awar suka fara sanin fuskokin juna. Misali mafi ƙarfi shi ne Commodore 65, wadda ba a taɓa fitar da ita kasuwa ba. Samfuranta sun watsu a hannun jama'a lokacin da kamfanin Commodore ke durƙushewa, ya kuma karye a 1994. A 2017 aka sayar da guda a eBay a kan sama da yuro 80,000, babu sunan Jobs a ko'ina a jikinta.

Inda kuɗi ya shiga, sai an buɗe ido. Gogaggen mai saye ba ya tsayawa kan abin da mai talla ya rubuta, hotuna yake ƙura wa ido. Yakan duba lambobin da aka buga a jikin kowane ƙaramin sashe, waɗanda ke nuna shekara da makon da aka ƙera shi. Idan allon da aka ce na 1976 ne yana ɗauke da sassan 1983, akwai magana. Yakan nemi alamar batirin da ya tsiyaye ya ci allo, wani kore-kore kusa da mazauninsa. Idan robar akwatin ta yi fari fat bayan shekara 40, galibi an wanke ta da sinadari an shanya a rana, kuma rawayar kan dawo. Idan aka rubuta cewa ba a gwada ba, masu harkar sukan ɗauka an gwada ta ƙi tashi. Ga kuma kwaikwayon Apple-1 da masu sha'awa ke ƙerawa don nishaɗi, su faɗi gaskiyar abin da suka yi, amma idan ya sauya hannu sau biyu sai ka gan shi a talla da sunan na asali. Saboda haka ne Mike Willegal ya fara rajistar Apple-1 ɗin da aka sani ɗaya bayan ɗaya, aikin da Achim Baqué ya ci gaba da shi daga Jamus.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urorin da ke salwanta ba a sani ba. A 2015 wata mata ta kai kwalayen mijinta da ya rasu wata cibiyar sarrafa tsofaffin kayan lantarki a Milpitas, ta tafi ba ta bar suna ba. A ciki aka tarar da Apple-1, aka sayar da ita dala 200,000, cibiyar ta yi ta cigiyar matar domin a ba ta rabin kuɗin. Ma'aikacin da ya buɗe kwalin ya gane abin da ke hannunsa. Da wani ne, da an farfasa allon an cire tagullar da ke ciki.