Tarihin Hoto da Yadda Ake Daidaita Girmansa

Masu tarihi sun ce Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano aka ba sarautar baba, watau rini. Saboda haka mutanen ƙasar Rano da Kibiya ba baƙin tufa ba ne. Sun san ana gane kyakkyawar saƙa ta yawan zarenta, sun kuma san ana yanka babbar riga a fid da 'yar shara, amma 'yar shara ba ta zama babbar riga kome ja. To, haka sha'anin hoto yake tun asalinsa.

A cikin shekarar 1839 aka bayyana dabarar ɗaukar hoto a Faransa, ta hannun wani mai suna Daguerre. Da farko ba a san yadda za a buga hoto a jarida ba, domin injin bugu tawada baƙa kaɗai yake zubawa, hoto kuwa yana da duhu da haske da tsaka-tsaki. Sai wajen 1880 aka sami dabarar farfasa hoto ya zama ɗige-ɗige, manya wurin duhu, ƙanana wurin haske. Da wannan dabara aka riƙa buga hotunan sarakuna a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya cikin 1939. Wanda ya sami tsohuwar jarida ya ƙura mata ido zai ga ɗigon nan.

Cikin 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar da ba ta bukatar fim. Ita ma ɗigo take tarawa, amma ƙidaya shi take yi ta ajiye. Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya cikin 2001, daga baya aka sami mai kyamara, har ɗaukar hoto ya zama aikin kowa, birni da ƙauye.

Masu ɗab'i sukan nemi ɗigo 300 a kowane inci in ana son hoto ya fita tas a takarda. Ke nan hoto mai inci 4 da inci 6 yana bukatar ɗigo 1,200 da 1,800. Na intanet kuwa ƙarami ya isa, kuma ya fi saurin buɗewa. Rage hoto ba wuya, zubar da ɗigo ne kawai. Amma in aka ja ƙarami don ya girma, kwamfuta cike gurbi take yi da kintace, sai fuska ta fito dishi-dishi.

Akwai kuma abin da ake kira kaifafa hoto, wanda masu wankin hoto suka fara tun zamanin fim. Ana ƙara duhun gefe mai duhu da hasken gefe mai haske a inda suka haɗu, sai ido ya ga kamar hoton ya ƙara fitowa. Ana yinsa ne bayan an gama daidaita girma. Na takarda ya fi son kaifi, domin tawada takan nashe. In ya yi yawa, sai farin zobe ya kewaye kan mutum. Ba ya kuwa mai da abin da ya riga ya ɓace.

A nan ne hasara take. Cikin 2019 aka ɗaukaka Rano ta zama masarauta, aka rushe ta cikin Mayu 2024, sa'an nan cikin Yuli aka mai da ita mai daraja ta biyu, ta haɗa Rano da Kibiya da Bunkure. Hotunan waɗannan al'amura yawancinsu a waya suke. WhatsApp kuwa yakan matse hoton da aka aika, sai dai in an tura shi a matsayin takarda. Wanda ya share na asali ya riƙe wanda aka turo, ya ba da babbar riga ya karɓi 'yar shara. Saboda haka wajibi ne mai hoto ya adana na asali, in zai rage ko ya kaifafa ya yi a kan kwafi, domin jikoki su ga fuskokin magabatansu sosai. Allah ya sa mu gane.